Wadda na juya wa baya

Ƴan uwana malamai da iyaye, yau ba maganar albashi ko ƙarancin benci na zo da ita ba, ko da yake bencin zai shigo daga baya. Wani abu na kalla a hutun Babbar Sallar da ta wuce, ya hana ni barci kwana da kwanaki, na ga gara in faɗa muku shi da in riƙe ni kaɗai.

Autanmu aikin haɗa hotunan bidiyo yake yi a Yamai. Ya zo gida Maradi yin salla da kwamfutarsa cikin jaka. Daren kwana na uku wuta ta ɗauke kamar yadda ta saba, yara sun yi barci, muna zaune tsakar gida muna korar sauro. Sai ya ce mini, "Yaya, kai da kake cewa aikinmu wasan yara ne, ara mini minti goma." Ya ɗauko kujeru biyu ya sa suna fuskantar juna, ya ɗora kwamfutar bisa ɗaya, ya jingine babbar salularsa bisa ɗayar, ya ce in zauna kan tabarma a tsakiyarsu. Ya kunna su lokaci guda.

A gabana wani namiji ne cikin farar riga, a wani babban zaure, bayansa kujeru cike da maza. Ya rera waƙa da murya mai daɗi, cikin harshen Farisa, aka yi masa tafi. Ina cikin jin daɗin abin, sai wata murya ta taso daga bayana. Na waiwaya. Mace ce cikin baƙin lulluɓi, tsaye a zaure irin wancan, amma kujerun gabanta babu kowa ko mutum ɗaya. Abin da ke fita daga bakinta babu kalma ko ɗaya a ciki. Nishi ne, da guɗa, da gurnani, da wani abu kamar kukan wanda aka shaƙe wa wuya. Na sake waiwayawa wurin namijin, na tarar ya yi tsaye sororo yana saurare. Da ta gama babu wanda ya tafa. Sai a lokacin na lura ashe tun farko tana nan tsaye a bayana, duk tsawon waƙarsa, ni kuwa ban dube ta ba.

Na ce wa autan, "To mene ne darasin?" Ya yi dariya ya ce, "Yaya, wannan babu rezime."

Ya san inda ya taɓa. Mu da muka fito makarantar horar da malamai, an raine mu bisa takardar shirin darasi: manufa, bita, gabatarwa, taƙaitawa, auna fahimta. Shekara ashirin da ɗoriya ke nan ina rufe kowane darasi da layi huɗu ko biyar a tablo, yara su kwafa cikin kaye, su haddace, su maido mini ranar jarrabawa. Duk abin da ba ya taƙaituwa ban san inda zan ajiye shi ba.

Abin da ya nuna mini sunansa Turbulent, wato hargitsi. Wata ƴar Iran ce mai suna Shirin Neshat ta yi shi a 1998, kuma ya samo mata babbar kyauta a bikin baje kolin fasaha na birnin Benis, ƙasar Italiya, a 1999. A Iran, tun bayan juyin juya halin 1979, an hana mace ta rera waƙa ita kaɗai a gaban maza a bainar jama'a, daga nan kujerun banzan suka samo asali. Irin wannan aiki shi ake kira fasahar bidiyo. Ya bambanta da fim ɗin da muka sani, domin babu jarumi, babu mugu, babu auren da ake ɗaurawa a ƙarshe. A ɗaki mai duhu ake haska shi jikin bango, wani lokaci bango biyu ko uku, in ya ƙare ya koma farko, mai kallo ya shiga sa'ad da ya ga dama ya fita sa'ad da ya gaji. Tun cikin shekarun 1960 aka fara shi, lokacin da wani ɗan Koriya, Nam June Paik, ya riƙa lalata hoton akwatunan talabijin da gangan yana nuna wa mutane. Ita Neshat da gangan ta sa allunan biyu suna kallon juna. Ba ka iya ganin su tare. Duk wanda ka fuskanta, ka ba ɗayan baya.

Washegari ni na nemi ƙari. Ya nuna mini na biyu, na wata ƴar ƙasar Gwatamala, Regina José Galindo. Ƙasarsu ta yi yaƙin basasa daga 1960 zuwa 1996, mutane wajen dubu 200 suka mutu ko suka ɓace, mafi yawansu ƴan asalin ƙasar ne, ƙabilun Maya. A 2013 aka gurfanar da tsohon shugaban mulkin soja, Efraín Ríos Montt, gaban kotu. Matan ƙabilar Ishil suka zo, wasu sun rufe fuskokinsu da mayafi, suka ba da shaidar fyaɗen da sojoji suka yi musu shekara talatin baya. Ranar 10 ga watan Mayu aka yanke masa ɗaurin shekara 80. Bayan kwana goma wata kotu ta sama ta soke hukuncin.

A wannan shekarar Galindo ta yi aikin da ta kira La Verdad, wato gaskiya. Ta zauna bisa kujera gaban tebur, takardu a hannunta, tana karanta shaidar waɗannan mutane. Can sai wani likitan haƙori ya shigo, ya buɗe bakinta, ya yi mata allurar kashe zafi a dasashi, ya fita. Ta ci gaba da karatu. Bayan ɗan lokaci ya dawo ya ƙara. Haka ake ta yi har wajen awa guda. Ba na jin Sifaniyanci, kuma ban bukaci in ji ba. Ina jin harshenta yana nauyi, leɓenta ya saki, kalmomin suna narkewa cikin baki, amma ba ta daina ba. Likitan kuwa bai daka mata tsawa ba, bai mare ta ba. Cikin natsuwa yake zuwa, da safar hannu, kamar mai taimako.

Na ce wa autan ya kashe. Ya ce, "Lafiya, Yaya?" Na ce lafiya lau. Ƙarya na yi. Likitan nan na gane shi.

Shekara goma sha biyu da suka wuce aka tura ni wani ƙauye arewa da Dakoro, ajin ƙarshe na firamare nake riƙe da shi. Duk malamin da ya yi zaman karkara ya san yadda abin yake. Baƙo ne kai, iyalinka na gari, albashi sai ka yi tafiyar yini kafin ka taɓa shi. Wani dattijo mai hali ya ba ni ɗaki a zaurensa, kuma kullum da dare akushin tuwo na fitowa daga cikin gidansa zuwa gabana. Mai kawo akushin ƴarsa ce, kuma ɗalibata ce, tana benci na uku wajen taga. A lissafi babu na biyunta. Kafin in gama rubuta tambaya a tablo ta ɗaga hannu.

Wata safiya ta zo da kumburi a gefen ido da shatar bulala a dantse. A gaban yara fiye da hamsin na ce, "Me ya same ki?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Faɗuwa na yi, Mushe." Na san faɗuwa ba ta barin irin wannan shata. Amma wallahi sanyi na ji a raina da ta faɗi haka, domin ta sauke mini kaya. Na ce ta riƙa kula, na juya ga tablo.

Bayan kamar mako biyu, da almuru, uwarta ta tare ni bayan lakwal, inda babu mai ganinmu. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Malam, yarinyar nan taka, ana so a ba da ita bayan kaka. Ta ce ba ta so, shi ne ake ta dukanta. Kai yana jin maganarka." Ta buɗe baki za ta ƙara, na tare ta. Na ce, "Inna, ki yi haƙuri, wannan maganar cikin gida ce, ni baƙo ne. Ku yi ta addu'a, Allah ya zaɓa mata mafi alheri." Da ladabi na faɗa, da murya mai taushi. Ta yi shiru, ta ce, "To, Malam, na gode," ta tafi. Daren nan akushi ya zo, na ci.

Da aka koma hutu bencinta babu kowa. Na buɗe rajistar kira, gaban sunanta na rubuta kalma guda ta Faransanci wadda duk malamin Nijar ya sani, mai nufin ta bar karatu. Kalmar ba ta tambayar wanda ya sa ta bari. Shekara uku bayan haka na gamu da ita a kasuwar wani gari, da goyo a baya, haƙorinta na gaba ɗaya babu. Ta rusuna ta ce, "Mushe, ina wuni?" Mai awon gero na ta dannar salula yana lissafin kuɗinta, ita ta riga shi faɗin canjin. Na ce, "Kina lafiya?" Ta ce, "Lafiya lau." Na sake karɓa.

Ban taɓa ɗaga mata hannu ba, da wannan na riƙa lallashin kaina shekara da shekaru. Likitan haƙorin nan ma bai doki kowa ba.

Na uku da autan ya nuna mini shi ne ya fi wuyar shiga kaina. Sunansa Vertigo Sea, kamar a ce teku mai sa jiri. John Akomfrah ne ya yi shi a 2015, haifaffen Akara ta ƙasar Gana da ya girma a Landan. Allo uku ne jere, tsawonsa minti 48, mu dai wani yanki muka gani cikin kwamfuta. Da yawan hotunan daga taskar sashen namun daji na BBC ya samo su, kyawawa har ka riƙe baki: garken kifaye, tsuntsaye, duwatsun ƙanƙara, da balen, ƙatuwar dabbar tekun nan da muke nuna wa yara hotonta a littafi. Kana cikin sha'awa, a allon gefe sai ka ga an harba wa balen mashi, teku ya koma ja, maza na tsaye bisa gawarta suna feɗewa. Ga mafarauta na harbin farin beyar na ƙasar ƙanƙara suna murna. Ga bayi cikin sarƙa. Ga kwalekwalen ƴan ci-rani na nutsewa. Ga hotunan mutanen da sojojin Ajantina suka riƙa jefowa cikin ruwa daga jirgin sama a shekarun 1970.

Raina ya ɓaci da farko. Na ce yaya za a jera ɗan Adam da Allah ya karrama kusa da kifi? Sai autan ya ba ni labarin jirgin Zong, wanda yake cikin aikin. A 1781 ma'aikatan wannan jirgi na fataken bayi na Ingila suka jefa ƴan Afirka fiye da 130 cikin teku da ransu, masu jirgin kuma suka nemi kamfanin inshora ya biya su hasarar kaya. Da magana ta je kotu a Landan a 1783, ba shari'ar kisa aka yi ba, shari'ar kuɗi aka yi, har alƙalin ya kwatanta abin da a ce dawaki aka jefa. Ashe ba Akomfrah ne ya haɗa mutum da dabba ba. Fataken ne suka haɗa su cikin littafin ciniki guda, shi kawai ya buɗe littafin. A ƙarni na 20 kaɗai an kashe balen kusan miliyan uku saboda mai da nama, sai a 1986 dokar dakatar da farautarta don kasuwa ta fara aiki. Idon da ya dubi mai rai ya ga ganga nawa ta mai zai bayar, shi ne ya dubi mutum ya ga fam nawa zai yi.

Wannan ma ya mai da ni ƙauyen. A shekarar da yarinyar ta bar aji, wasu mutane cikin mota suka kashe wata barewa a daji, suka sayar da ɗanta a garin. Aka ɗaure shi da igiya gindin bishiya, yara na ta tsokanarsa, ya ƙi cin komai, kwana biyar ya mutu. A makon nan na koyar da darasin kare muhalli, na rubuta rezime mai kyau, kowa ya kwafa. Tsofaffin garin kuwa suna ba ni labarin lokacin da jimina ke kiwo kusa da rijiyarsu. Yau jiminar da ta rage mana sai wadda ake reno cikin shinge a wurare irin su Kelle, jihar Damagaram. Yaran da na koyar sun san sunanta cikin karin magana, ba su taɓa ganin sawunta ba.

Da na kwanta daren nan sai na ga ni ma ina iya jera allo uku da kayan ƙasarmu. A allo na farko, shekarar 1996, an ƙirga raƙuman dawan da suka rage a yankin Kure, na ƙarshe irinsu a duk Afirka ta Yamma, aka samu 49. A allo na biyu, cikin wannan shekara ta 1996, a yankin Ƙonni, an sayar da yarinya ƴar shekara 12, Hadizatu Mani, a kan jika 240, ta zama wahaya a gidan wani mutum. Sai ranar 27 ga watan Oktoba na 2008 kotun CEDEAO, a zamanta na Yamai, ta ce ƙasa ta kasa kare ta daga bauta, ta sa a biya ta miliyan 10 na sefa. A allo na uku, rajistata ce, da kalmar nan guda.

Raƙuman dawan sun farfaɗo, sun haura 600, har a 2018 aka ɗauki takwas aka kai Gadabeji, nan jiharmu, inda aka yi kusan shekara hamsin ba a ga ko ɗaya ba. Ba na jin haushinsu, murna nake yi. Abin da ya tsaya mini shi ne yadda aka yi. Ana bin su ɗaya bayan ɗaya, a ɗauki hoton kowane ta dama da ta hagu, a gane shi da zanen jikinsa, domin babu biyu masu zane iri ɗaya. In ɗaya ya ɓace, akwai wanda zai lura ya tambaya. Ita ma Hadizatu ba ta kai kotu ba sai da wasu, irin ƴan ƙungiyar Timidria, suka zauna suka saurari maganarta har ƙarshe. Mu malamai kullum safe muna kiran suna, babu ma'aikacin da ya kai mu ƙirga. Alƙaluman UNICEF sun nuna cikin ƴan mata huɗu na ƙasar nan uku ana aurar da su kafin shekara 18. Da yawansu ta rajistarmu suka bi suka fita.

Na san abin da wasu za su ce, domin ni ma na faɗa. Za a ce wannan fasahar masu ƙoshi ce, ana nuna ta a Benis ga waɗanda ba su taɓa kwana da yunwa ba. Akwai gaskiya a ciki. Babu bidiyon da ya mai da wa ɗalibata haƙorinta, kuma Ríos Montt ya mutu a 2018 ba a gidan kaso ba. Akwai kuma ayyukan irin wannan da masu yin su ke tuɓe tufafi, ita Galindo ma tana da su. Ban kalle su ba, ba kuma zan ce wani ya kalla ba. Amma cewa abin na Turawa ne bai tsaya ba. Ukun nan da na ambata, ɗaya ƴar Iran ce, ɗaya ƴar Gwatamala, ɗaya ɗan Gana. Mu ma muna da Mustafa Alasan, wanda ya zauna Tawa shekaru masu yawa, ya rasu a 2015. Tun 1966 ya zana kwaɗi da hannunsa ya motsa su cikin fim, ya yi wa shugabanni masu yawon ƙasashe dariya. Kakanninmu mata kuwa da kura da gizo suka riƙa faɗin abin da ba ya faɗuwa gaban mai gida.

Da aka koma lakwal na kai Turbulent taronmu na CAPED, bayan an gama aikin ranar. Na jera kujeru biyu kamar yadda autan ya yi. Da ya ƙare gardama ta tashi. Wani abokin aikina, mutumin kirki mai karatu, ya ce shi bai ga zalunci ba, muryar mace ba ta dandali ba ce. Wani ya ce ihu kawai ya ji. Aka yi ta ja. Wata malama da ta kusa ritaya, wadda ban taɓa jin ta yi magana a taro ba, ta ce, "Ni ban kalli waƙa ba. Kujerun na kalla. Shekara talatin ina shiga aji, ina shiga gida, na san kujerun nan." Ɗakin ya yi tsit. Ba mu daidaita a kan maganar waƙa ba, ban ma nemi mu daidaita ba. Amma ranar ce farko da muka zauna mu goma sha huɗu muka lissafa, aji aji, yaran da suka ɓace mana cikin shekara biyu, da sunansu da unguwarsu.

Ɗalibaina ban nuna musu ko ɗaya daga cikin bidiyoyin nan ba, ba na yara ba ne. Dabarar kawai na ara. Wata Alhamis na jawo benci guda da babu kowa na ajiye gaban aji, na ce kowa ya dube shi minti biyar, babu magana. Minti biyar na shiru a ajin yara 84 abu ne mai tsawo. An yi ƴan dariya, daga baya aka natsu. Na raba guntayen takardu na ce kowa ya rubuta wanda ya kamata a ce yana zaune a nan, kada ya sa sunansa, ya ninke ya jefa cikin kwali. Ban rubuta komai a tablo ba.

Da dare na buɗe. Wasu sun rubuta yayyensu da suka tafi Aljeriya ko wurin haƙar zinariya. Wasu sun rubuta ƙawayen da talla ta cinye ko aka aurar. Wani yaro ya rubuta tsuntsun da ya ce kakansa na ba shi labari. Takarda guda kuwa cewa ta yi: ni ce, bayan salla. Na san rubutun, malami ba ya ɓatan hannun ɗalibinsa.

Na daɗe zaune da takardar. Mai ɗakina ta ce, "Malam, tuwon zai huce." Na ba ta labarin duka, har da na ƙauye, wanda ban taɓa faɗa mata ba. Ta ce, "To yanzu ba a zauren kowa kake ba."

Ban kira yarinyar gaban aji ba, wannan kuskuren na riga na yi shi sau ɗaya. Na sa wata malama ta zauna da ita su biyu. Muka sanar da darakta, muka nemi shugabar ƙungiyar iyaye mata ta lakwal, ita ta fara shiga gidan wurin uwar. Daga baya ni da wani dattijo na kwamitin lakwal muka je wurin uban. Ba mu je da barazana ba, ko da yake tun 2017 akwai dokar gwamnati ta kare karatun ƴa mace, kuma na tanadi maganarta in ta kama. Mutum ne mai ƴaƴa tara da bashi a wuya. Ya ce, "Malam, kai za ka ciyar da ita?" Ban da amsa mai daɗi. Mun je sau uku. Abin da muka samu shi ne ya yarda a ɗaga maganar har ta yi jarrabawa, in ta samu shiga koleji a sake zama. Iyakar abin ke nan, kuma yana iya warwarewa gobe. Amma yau da safe na kira sunanta ta amsa.

Ga abin da nake roƙo. Malamai, in yaro ya ce faɗuwa ya yi, kada mu tambaye shi gaban jama'a, kada kuma mu karɓa don mu huta. In za mu buɗe bakin yara, mu fara shirya inda za mu kai abin da zai fito, domin buɗe baki a bar yaro shi kaɗai ya fi shirun muni. Kada mu ɗauki hotonsu ko muryarsu mu watsa a WhatsApp da sunan tausayi. Kafin mu rubuta kalmar nan a rajista, mu taka mu je gidan, ko sau ɗaya. Iyaye maza, ƴan uwana, in uwar ƴaƴanku ta fara magana ku bar ta ta kai aya, ko da abin da za ta faɗa ba zai yi daɗi ba. In kuma yaro ya shigo da ɗan tsuntsu ɗaure da zare a ƙafa, a tsaya a tambaye shi me ya gani a idonsa, kafin a ce wasan yara ne.

Akushin nan na ƙauye har yau ina tuna ɗanɗanonsa, tuwon gero ne da miyar kuka, kuma mai gidan bai taɓa yi mini gori ba. Hutu mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan koma garin. Ina so in nemi uwar yarinyar, in tana raye, in durƙusa in gaishe ta, in ce mata, "Inna, ran nan na katse ki. Ƙarasa maganarki."